Farar Wuta da Inabin Madam Claire

Belleville, Paris
Farkon watan Yuni

Zuwa ga ɗiyata Hibatullah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ni dai alhamdu lillahi, sai kunnuwan nan da suka ƙi, shi ya sa ba na son waya. In ana magana sai in ji kamar ana zuba ruwa a bokiti. Ga kuma tari da ya kama ni tun da magina suka kafa ƙarafansu suna kankare bangon gidan maƙwabtanmu.

Wataƙila ba ki tuna ni ba. Ni ne Moustapha, wanda kakarki Hajiya Halimatou take ƙanwar mahaifiyata. Rabona da ke tun a Damagaram, ranar sunan ƙaninki. Mahaifiyarki ce ta ba ni adireshinki, ta ce kin gama babban karatu a kan cututtukan tsirrai. Barka da arziki, Allah ya sa albarka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ni ne mai gadin wani gidan haya a nan Belleville. A tsakar gidan akwai itacen inabi da ya hau bango har tagogin bene. Wani mazaunin gidan, marigayi Pierre, shi ne ya kawo shi daga ƙauyensu, can cikin duwatsun gabas, inda ya ce sanyi yana kashe sauran inabi amma ba ya kashe wannan. Kowace shekara yakan tsinke ƴaƴan ya sauka da su ɗakin ƙasa, kin dai san abin da suke yi da su. Don haka ban taɓa sa masa hannu ba, ko sunansa ban taɓa tambaya ba. Ganyensa kawai nake sharewa in ya zubo.

Bayan rasuwar Pierre, matarsa Madam Claire ce ke kula da shi. A watan jiya ta faɗi a matakala ta karye a ƙugu, ɗanta ya tafi da ita wani gidan jinya a can Lyon ɗinku. Ana sa ta a mota ta riƙe hannun rigata ta ce, "Moustapha, na bar maka inabin." A gaban mutane na ce to. Kin san nauyin wannan kalma a bakin dattijo.

Yanzu ga shi ganyen ya yi fari fat, kamar an barbaɗa masa gari. Me zan yi? Ba na son tsohuwar nan ta dawo ta tarar na bar mata amana ta lalace.

Naki,
Kawu Moustapha

*

Bron, Lyon
Tsakiyar watan Yuni

Zuwa ga mai girma Kawu Moustapha,

Wa alaikumus salam. Ina miƙa gaisuwar ban girma, tare da addu'ar Allah ya sawwaƙe tarin, ya buɗe kunnuwan. Ni lafiyata lau, in ban da yawan buƙatar da ake yi mini a labo, ɗakin bincikenmu, wadda ba ta barin mutum ya numfasa.

Na karɓi wasiƙarka, na kuma nazarce ta da idon ƙwararriya. Ina mai farin cikin sanar da kai cewa mas'alarka ta faɗo hannun da ya dace. Ba yabon kai ba, a ajinmu ba a samu wanda ya sha gabana a fannin nan ba, kuma malaman da suka sa hannu a diplom ɗina ba su ɓoye sha'awarsu ba.

Kafin in shiga gundarin batu, bari in kawar da wata shubuha. Na san an kai maka labarin cewa na yi estaj, wato horon aiki, a gonakin inabi na Beaujolais inda ake yin giya, har wasu a gida suna ta salati. Ni likitar ganye ce, Kawu. Abin da ke shiga kwalba ba ya cikin manhajata. Kai ma ka kwantar da hankalinka, jinyar itace ba ta karya alwala.

Cutar da ka siffanta sunanta oïdium. Wata funfuna ce mai shimfiɗa farin zare a kan ganye tana tsotse shi. Alamominta a bayyane suke ƙarara, ta yadda ba na buƙatar hoto, balle a aiko mini da ganye. Wanda ya ga dubban itatuwa a Beaujolais ba zai tsaya kokwanto a kan guda ɗaya da ke tsakar gida ba.

Maganinta kuwa, bisa ittifaƙin masana na da da na yanzu, shi ne soufre. Kada sunan ya firgita ka: farar wuta ce, ita dai wadda tsofaffinmu ke shafa wa yara masu ƙazuwa. Da idona na ga ana fesa ta a gonaki iya ganin ido, kuma ban ga ganye ɗaya da ya yi ƙorafi ba. Ka samo garinta mai laushi, ka bi ganyen sama da ƙasa, ciki da baya. Kada ka yi rowa, domin rowar magani ita ce ummul haba'isin gazawar manoma.

Ka aiwatar da wannan umarni ba tare da jinkiri ba. In itacen bai murmure ba, ni Hibatullah zan ɗauki diplom ɗina in mayar wa jami'a da hannuna.

Taka mai biyayya,
Hibatullah
Injiniyar Kimiyyar Noma

*

Belleville
Watan Yuli

Hibatullah,

Salamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da tawa lafiyar ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Itacen ya ƙone.

Bari in gaya miki yadda aka yi, ko za ki gano inda na kauce. Na tafi kantin Malam Adoum, mutumin Cadi mai sayar da kayan gida kusa da bakin metro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sayo farar wuta mai kyau, irin ta sanduna. Na daka ta a turmi, na tankaɗe da rariya har ta yi laushi kamar kwalli. Da na barbaɗa sai na ga iska tana kwashewa, ba ta zama a ganyen. Sai na tuna kin ce ita ce ta masu ƙazuwa, kuma a gida ba a taɓa shafa wa yaro ita gaya ba, sai an kwaɓa da mai. Na kwaɓa ta da man gyaɗa, na hau tsani, na bi ganyen ɗaya bayan ɗaya da yatsuna. Ban yi rowa ba, kamar yadda kika ce. Na can ƙololuwa ne kawai tsanin bai kai ba.

Sai zafi ya sauko wa Paris, irin wanda har kwalta ke laushi. Da farko bakin ganyen ya yi rawaya. Na ce magani ne ke aiki. Daga nan ya koma ja, ya koma baƙi, ya nannaɗe kamar ganyen taba. Yanzu da safe shara nake har kwandon ya cika. Ƴaƴan suna nan rataye tsirara a rana, sun yamutse.

Mutanen gidan sukan tsaya su kalli bangon, su kalle ni. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zaga da ya fi mini sauƙi. Wata mata a hawa na uku ta ce tun tana yarinya take ganin inuwarsa a tagarta, sai ta shige.

Jiya kuma kati ya zo daga Madam Claire. Ta ce ta fara takawa da sanda, tana tambaya ko ƴaƴan sun fara nuna. Katin yana nan a aljihuna, ban amsa ba.

Ki gaya mini gaskiya, ɗiyata: haka maganin yake yi kafin ya warkar?

Kawunki,
Moustapha

*

Bron
Ƙarshen watan Yuli

Kawu,

Wa alaikumus salam, ina gaisuwa, ina kuma yi maka jaje. Lafiyata ƙalau take har zuwa lokacin da na buɗe wasiƙarka a cikin tiram, jirgin nan na cikin gari. Ihun da na yi ya sa wani dattijo ya tashi ya ba ni kujera.

Man gyaɗa, Kawu? Man gyaɗa! Na karanta layin nan na sake karantawa, ina fatan idona ne ya yaudare ni. A wace wasiƙa na ambaci mai? Na ce a yi wa itace magani, ban ce a soya shi ba. Duk ɗalibin shekarar farko ya san cewa haɗa farar wuta da mai a kan ganye, a cikin zafi, shi ne mafi munin abin da ake kira phytotoxicité, wato magani ya rikiɗe ya zama guba. Man yana narkar da kariyar da ke bayan ganye, farar wutar ta kutsa cikin tsokarsa, rana kuma ta ƙarasa aikin. Wallahi da gangan aka so hallaka itacen nan, ba za a samu dabarar da ta fi wannan inganci ba.

Don haka ina so ya tabbata a rubuce cewa nazarina bai yi kuskure ba, aiwatarwa ce ta samu tangarɗa. Ba ina ɗora maka laifi ba ne. Tazarar da ke tsakanin ilimi da al'ada ce ta yi mana wannan ɓarna.

Sai dai ban bar ka cikin ruɗani ba, domin na tanadi mafita. Kowa a ƙasar nan ya shaida zafin bana, jaridu ma sun cika da labarin gonakin da suka ƙone. Zan rubuta maka gajeren bayani na ƙwararru, da Faransanci mai nauyi, cewa itacen ya gamu da matsanancin ƙunar rana sakamakon sauyin yanayi. Zan sa hannu da cikakken muƙamina. Ka aika wa Madam Claire shi, ka kuma wanke turmin. Wannan ba ƙarya ba ce tsantsa, tun da zafin ya taka rawa. Zaɓe ne kawai a tsakanin gaskiya da gaskiya. Tsohuwa mai jinya ba ta buƙatar tafsilin da zai tayar mata da hankali, kai kuma mutuncinka a gidan zai tsira.

Ina jiran amincewarka don in fara tsara shi.

Taka,
Hibatullah
Injiniyar Kimiyyar Noma

*

Belleville
Farkon watan Agusta

Hibatullah,

Salamu alaikum. Tarin ya lafa tun da magina suka kwashe ƙarafansu. Ina fatan ke ma kin huce daga ihun tiram.

Maganar mai na karɓa. Hannuna ne ya kwaɓa, ba naki ba, kuma ba zan ɓoye wa kowa ba.

Amma akwai abin da ban gaya miki ba, don ban ɗauka yana da amfani ba. Ranar da nake shafawa man ya ƙare mini kafin in kai reshen da ke kan ƙofar ɗakin shara. Shi garin kawai na barbaɗa masa bayan na yayyafa ruwa, ko ɗigon mai bai gani ba, kuma wurin inuwa ne, rana ba ta kai masa sai da yamma. Shi ma ya ƙone, Hibatullah. Bai kai sauran ba, amma ya ƙone. Wannan kuma wane ɗalibi ne ya san dalilinsa?

Na sa miki ganye biyu a cikin ambulan. Mai baƙin baki daga reshen nan yake. Mai farin garin kuwa daga ƙololuwa na sa sanda na kaɗo shi, inda hannuna bai taɓa kai wa ba. Kin ce ba kya buƙatar ganye. Ki daure ki duba.

Sai maganar takardarki mai nauyi. Na karanta wurin nan a tsaye, sai da na zauna. Ban yi zaton jikar Hajiya Halimatou za ta ce in wanke turmi ba. Matar nan ba wa sauyin yanayi ta bar inabinta ba, ni ta bar wa. Da ƙafata da kunnena sun yarda, da na hau jirgi na je na gaya mata da bakina. Amma ke kina gari ɗaya da ita, adireshin gidan jinyar yana bayan takardar nan. Ki je ki zauna gabanta, ki faɗa mata abin da ni da ke muka yi. Ki bar manyan kalmomin a gida, ba za ta ji su ba, ni ma da ƙyar nake jin su.

Kawunki,
Moustapha

*

Belleville
Ƙarshen watan Agusta

Hibatullah,

Salamu alaikum. Lafiya dai ko? Kullum ni ke raba wa mutanen gidan nan wasiƙunsu, kullum ina duba ko akwai tawa. Ban sani ba ko takardata ce ta ɓata, ko ke ce kika ɓata. In maganata ta yi miki zafi, ban janye ta ba, amma ina tambayar lafiyarki.

Kati na biyu ya zo daga Madam. Ba ta tambayi inabi ba a wannan karon. Cewa ta yi, "Moustapha, shirunka ya yi yawa."

Kawunki

*

Bron
Watan Satumba

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina neman gafarar shirun da na yi. Lafiyata lau. Wasiƙunka duka sun iso. Amsar ce ta gagare ni.

Ranar da ganyen suka zo na tafi da su labo, da niyyar in samo hujjar da zan rufe maka baki. Na sa mai farin garin a ƙarƙashin madubin bincike, ina neman zaren funfuna. Babu ko ɗaya. Na canza madubi, na goge idona, na sake dubawa. Ƙurar siminti ce da farar ƙasa, Kawu. Ƙurar bangon da magina suka kankare, wadda ta sa ka tari. Itacen nan ba shi da wata cuta. Bokitin ruwa ne maganinsa.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba na juya ga siffar ganyen, na buɗe littattafan da ya kamata in buɗe tun a watan Yuni. Ba irin inabin Beaujolais ba ne. Gaurayen iri ne tsakanin inabin Turai da inabin daji na Amirka, irin waɗanda aka ƙirƙiro don su jure sanyin da ke kashe sauran. In ban yi kuskure ba, sunansa Léon Millot. Shi da wasu ƴan'uwansa ba sa ɗaukar farar wuta ko kaɗan, da mai ko babu mai, a rana ko a inuwa. Abin da yake magani ga inabin da na sani, wuta ne a gare su. Ka rubuta mini a wasiƙarka ta farko cewa daga ƙasar sanyi ya fito. Na karanta, na wuce, ina saurin in kai wurin da zan yi magana. Manka ya ƙara wa wutar ƙarfi, amma ni na kunna ta.

Na je gidan jinyar. Zuwan farko na kewaya ginin na koma gida. A na biyu na shiga. Na same ta a kujera bakin taga, ƴar ƙaramar tsohuwa, sandarta a kan cinya. Ta ce, "Ke ce ɗiyar Moustapha mai ilimi?" Na shirya jawabi tun daga tiram, mai gabatarwa da kammalawa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Madam, na ƙona miki inabi."

Ta ce, "Duka?"

Na ce, "Kusan duka."

Ta juya ta kalli waje. Na gaya mata sauran, da ƙura, da farar wuta, da mai, har da takardar da na so in rubuta mata. Can sai ta ce, "Tsaya. Moustapha ne ya hau tsani? Ya taɓa itacen da hannunsa?"

Na ce, "Ganye bayan ganye, Madam."

Kawu, dariya ta yi har hawaye suka zubo, daga baya kuma ban san ko dariyar ce ba. Ta ce, "Pierre ya yi shekaru yana roƙon mutumin nan ya riƙe masa tsani kawai. Kullum sai ya ce yana da shara."

Sannan ta gaya mini abin da ba ta rubuta maka ba. Ba za ta koma Paris ba, likita ya hana ta matakala har abada. Gonar mahaifin Pierre kuwa an tuge ta tuntuni, an yi wurin ajiye motoci. Itacen da ke tsakar gidanka shi kaɗai ya rage. Niyyarta ita ce in sanyi ya zo ta roƙe ka ka yanko mata reshe, ta dasa a tukunya. Ta ce, "Ba na son takarda mai sa hannu, yarinya. Ganye nake so a tagar nan."

Ga inda haɗarin yake. Itace da ganye yake tara abincin da zai ci a lokacin sanyi. Wannan ya rasa ganyensa a tsakiyar aiki, rassan ba za su ƙosa ba, kuma sanyin da bai taɓa jin tsoro ba zai iya kashe shi bana. Don haka ka yanke duk ƴaƴan da suka rage, kada ya ɓata ƙarfinsa a kansu; na san wannan umarnin ba zai yi maka wuya ba. Ka wanke ganyen ƙololuwa da ruwa zalla. Kada ka sa taki. In sanyi ya matso ka tara ƙasa a gindinsa, ka lulluɓe shi. A watan Fabrairu ka yanko mini rassa masu kaurin alƙalami, ka naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ka aiko.

Ban yi maka alkawarin zai rayu ba. Ban sani ba.

Taka,
Hibatullah

*

Belleville
Watan Fabrairu

Ɗiyata Hibatullah,

Salamu alaikum. Ina fatan sanyin Lyon bai kai namu ba. Gwiwoyina suna ƙara, amma ina tsaye.

Duk abin da kika ce na yi. Ƴaƴan na zuba a shara, kuma gaskiyarki, hannuna bai yi nauyi ba. Da sanyi ya tsananta na rasa abin lulluɓi mai kauri, sai na ɗauko bargon da na sayo a Makka. Ban san wanda ya kai labari ba. Ranar Juma'a muna fitowa daga masallaci Malam Adoum ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, an ce bargon Makka ka lulluɓa wa uwar giya?" Jama'a suka fashe da dariya. Na ce, "Amana na lulluɓa. Kai kuma da ka sayar mini da wutar, ka zo ka taya ni gadi." Ya ce shi magani ya sayar, bai sayar da man gyaɗa ba. Tun daga ranar in ya hango ni sai ya ce, "Yaya mai jiki?"

Mai jiki dai ban ga alama mai daɗi ba. Ɓawon gindin ya tsage ta gefen da ke fuskantar ƙofa. Rassan ƙasa in na lanƙwasa sai su karye ƙaras. Na ƙololuwa ne kawai suka ɗan yi taushi, su na sa aka ara mini dogon tsani na yanko. Ga su nan a cikin kwalin, na naɗe su da tawul ɗina.

Na rubuta wa Madam da hannuna na ba ta haƙuri. Ta amsa da layi ɗaya: "Ka kula da tsanin nan, kada mu zama biyu."

Ki duba su da kyau, ɗiyata. Kada ki yi sauri.

Kawunki,
Moustapha

*

Bron
Watan Afrilu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina fatan gwiwoyin sun saki da shigowar ɗumi. Ni lafiya lau.

Ban rubuto da wuri ba don ba na son in faɗi abin da ban gani ba. Da kwalin ya iso na bi rassan da reza, ina kankare ɓawon kaɗan kaɗan. Na farko ƙasa-ƙasa ne a ciki, matacce. Na biyu haka. Na ci gaba. Can kusa da ƙasan tawul ɗin na samu ƴan kaɗan masu kore. Na dasa su a tukwane a tagar ɗakina, na hana kaina taɓa su da komai sai ruwa. Wasu sun ruɓe. Biyu sun yi saiwa.

Kawu, sun tsiro! Ganyen bai fi kunnen ɓera ba, amma ganye ne, kuma ina iya tabbatar maka bisa dukkan ma'aunan kimiyya cewa... a'a. Sun tsiro, shi ke nan.

Jiya na rungumi tukunya ɗaya a tiram na kai wa Madam Claire. Ta sa tabarau, ta kawo fuskarta dab da ganyen, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ka yi tafiya mai nisa, ɗan tsoho." Ba da ni take ba. Da ta ga na matso in gyara masa zama sai ta ɗaga sanda ta ce, "Ke, ja da baya. Me ke cikin aljihunki?" Sai da na juye mata aljihuna ta yarda.

Na gaya mata akwai na biyu. Ta ce na Moustapha ne, in yana so. In kuma yana da shara, ta fahimta.

Yanzu kai nake jira. Yaya uwar? Ta farka?

Taka,
Hibatullah

*

Belleville
Watan Mayu

Ɗiyata,

Salamu alaikum. Alhamdu lillahi da labarinki. Na karanta wa Malam Adoum, ya ce a gaida jaririn.

Uwar ba ta farka ba. Na jira har itatuwan unguwa duka suka yi ganye, na yaye bargon, na kankare gindin da wuƙa kamar yadda kike yi. Busasshe ne har ciki. Na zauna a kan matakala na daɗe. Ban taɓa zaton zan yi wa itacen nan hawaye ba.

Ki gaya wa Madam sharar za ta jira. Na haƙa rami a gefen tsohon gindin. Adoum ya tambaye ni me zan yi da ƴaƴan in ya girma, na ce tsuntsayen Belleville ma bayin Allah ne.

Diplom ɗinki kuma ki bar shi inda yake, jami'a ba ta neme shi ba, mu kuwa muna da sauran buƙatarsa. Amma kada ki aiko tukunyar ta gidan waya. Ki hau jirgi ki kawo ta da kanki, in ga yadda jikar Hajiya Halimatou ta girma.

Busassun rassan suna nan manne da bango har tagogin bene, ban sauke su ba. Ke za ki hau. Ni zan riƙe miki tsanin.

Kawunki,
Moustapha